Wasiƙa Daga Maraɗi: A Bi Tsofaffi Da Marayu Har Gida Ranar Salla

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili a jaridarka in faɗi wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ƙaramar Salla ta wuce, Babba na tafe, tsakaninsu wata biyu ne da kwana goma. In ban yi maganar yanzu ba, nan gaba kaɗan keken ɗinki zai ɗaure ni, ba za a sake jin bakina ba sai an sauko daga Idi.

Tela ne ni a nan Maraɗi, tun ina saurayi har ga shi furfura ta cika mini gemu. Tela ya san cikin unguwa fiye da yadda mutane ke zato. Mun san wanda ya kawo shadda gezna kala uku. Mun san wadda ta kawo tsohon zanenta ta ce a fitar wa yarinya riga da siket, tana magana ƙasa-ƙasa don kada mai jiran awo ya ji. Mun kuma san gidan da bara ya aiko da ɗinki, bana shiru. In ka bincika, ko dai maigidan ya rasu, ko ya tafi bida an daina jin ɗuriyarsa.

Maganata a kan taimakon da ake yi wa marayu da tsofaffi ne lokacin Salla. Alhamdu lillahi, Maraɗi ba ta rasa masu bayarwa ba. Garin alhazai ne, duk azumi buhunan gero da shinkafa da sukari na fita daga manyan gidaje da ƙungiyoyi, Allah Ya saka musu da alheri. Ba na cikin masu cewa duk riya ce, don ban shiga zuciyar kowa ba. Ƙorafina a kan yadda ake bayarwar ne. An mai da shi al'ada a tara mabukata wuri guda, su zo su jira, alhali mu masu ƙafa mu ya kamata mu taka mu same su inda suke.

A azumin da ya wuce wata ƙungiya, ba zan kama suna ba, ta sa aka yi shela cewa tsofaffi da iyayen marayu su hallara a filin wata lakwal, wato makarantar boko, da ƙarfe takwas na safe. Kowa ya san ranar Maraɗi a wannan tsakanin, zafi yakan kai digiri 40, ga baki da azumi. An kafa rumfa guda, kujerun ƙarƙashinta na manyan baƙi ne. Tsofaffi na kan tabarmi a gindin katanga, suna matsawa inuwa na janyewa. Babban baƙo bai iso ba sai dab da azahar. Aka yi jawabai, har da na Faransanci, wanda da wuya a sami mutum biyu cikin masu karɓa da ke jin sa. Sannan aka shiga kiran suna a lasifika, a ɗora wa tsohuwa leda a hannu, a ce ta ɗago kai ta dubi mai hoto. Kafin a sha ruwa hotuna sun cika Facebook da WhatsApp. Wata maƙwabciyarmu da ba ta daɗe da fita takaba ba, hotonta ya kai har wurin dangin mijinta a Katsina, suka bugo waya suna faɗa wai ta tona musu asiri, su da ba su taɓa aiko wa yaran ko tiyar gero ba. Kuɗin kabu-kabu zuwa da dawowa kuma daga bakin zanenta ya fito.

Ni ba malami ba ne, amma kowace shekara muna ji a tafsiri, cikin Suratul Baƙara, cewa kada a ɓata sadaka da gori da cutarwa, kuma in aka ɓoye ta aka kai wa matalauta ya fi alheri. Shanya dattijo a rana tun safe har azahar, in bai shiga cutarwa ba, to ya tsaya a bakin ƙofarta.

Abin da ya fi damuna shi ne waɗanda ba su zo ba. Duk wanda ya iya zuwa filin nan ya zauna har azahar, da sauran ƙarfinsa. Makauniyar da ba ta da ɗan jagora ba ta zo ba. Wanda ɓarin jikinsa ya shanye bai zo ba. Akwai kuma wani rukuni da ba a cika tunawa da su ba: mutanen da a dā su ke riƙe da gida, su ciyar da na kusa da na nesa, yau duniya ta juya. Irin wannan dattijo ya gwammace ya kwana da ruwan randa a cikinsa da a kira sunansa a lasifika. Shela ba ta fito da shi. Sai wanda ya yi sallama a zaurensa.

Mutane na cewa a ƙasar Hausa ba a yar da tsoho. A dā haka ne, yanzu ma yawanci haka ne, amma gari ya canza. Ƙidayar 2012 ta ce mutanen birnin Maraɗi sun haura 267,000, yau kuwa dubi inda unguwannin Zariya da Ali Ɗan Tsoho suka kai. Kusan rabin 'yan Nijar ba su cika shekara 15 ba, waɗanda suka haura 60 kuwa ba su kai 5 cikin 100 ba, shi ya sa duk wani tsari da ake yi kan yara da matasa yake tsayawa. Fansho na ma'aikatan gwamnati ne da na kamfanoni masu rajista. Manomi da ɗan dako da mai fura da tela irina, fanshonmu 'ya'yanmu ne. 'Ya'yan kuwa suna Kano, suna Legas, suna Libiya da Aljeriya, wasu tun 2014 sun bi haƙar zinariya a arewacin Agadas. 'Yan mata an kai su aure wasu garuruwa. Rufe iyaka da aka yi a 2023 ya karya ƙananan 'yan kasuwa da dama da ke cin abinci ta hanyar Ɗan Isa da Jibiya, faɗuwar naira ta ƙara, har ɗan da ke aiko da abin kirki daga Nijeriya in an canza shi zuwa sefa sai ka ji tausayinsa. Ambaliyar daminar 2024 ta zo ta kwantar da ɗakunan ƙasa a tsofaffin unguwanni, ta raba gidajen da suka shekara da shekaru a haɗe. Wannan ya kama haya can, wancan ya koma gidan surukai, tsohuwa ta rage a ɗakin da bai faɗi ba.

Akwai abin da sai wanda ya shiga gidajen nan zai gane. Ga tsohon da ke zaune shi kaɗai, ranar Salla ta fi sauran ranaku wuya. Ɗan garuwan da ke zuba masa ruwa ya tafi ƙauye yin Salla. Mai koko ba ta fito ba, mai tuwon bakin hanya ma haka. Yaron maƙwabta da yake aika sayen goro ko magani ya sa sabbin kaya ya shiga gari, ba a ganin sa sai magariba. Wanzami na can layi ya yi masa yawa. Ko da ɗansa ya turo masa kuɗi ta waya, wa zai je ya karɓo, wa zai sayo, wa zai dafa? Yana kwance yana jin tambura da algaita daga wajen fada, yana jin hayaniyar yara na wucewa ta ƙofarsa.

Mu abin da muke yi ƙarami ne, kuma ba mu da suna, ba mu da hatimi, ba mu da asusu a banki. Fada ce, wato majalisar hirar samari, da ke zama a ƙofar shagona: yaran da ke koyon ɗinki, 'yan kabu-kabu, mai adaidaita guda, wani wanzami, da ɗan wani mahauci. Ta ɓangaren mata kuma uwargidana ce da matan da suke adashe tare. Sanin wanda za a je wa bai taɓa ba mu wahala ba. Mai unguwa ya sani, liman ya san wanda ya daina fitowa sallar asuba, mai kitso da ungozoma sun san cikin gidaje fiye da su duka. Sarkin makafi ma ya san mutanensa ɗaya bayan ɗaya. Sunayen na bayan littafin awona, ba mai gani sai ni.

Aikin na farawa ran jajibiri. A share ɗaki da tsakar gida, a fitar da tabarma da katifa su sha rana, a wanke tufafi a goge, a cika randa da jarkoki har su kai kwana uku. Wanzaminmu na zagayawa da sassafe kafin ya buɗe wurinsa, ya yi aski ya gyara gemu ya yanke farce. Farcen ƙafar tsoho ba abin wasa ba ne, akwai wanda saboda shi ya daina sa takalmi. Mata na wanke wa tsofaffin mata kai, su yi musu kitso ko da kalba huɗu ce, su ƙunsa musu lalle. Ran Idi mai adaidaita na ɗaukar waɗanda za su iya fita, da kujerar roba a ɗaure a baya. Akwai wani Baba da ya yi dakon buhunan gyaɗa tun zamanin da gyaɗa ke riƙe da garin nan, kafin farin shekarun 1970 ya karya ta. Gwiwoyi sun ƙi, ya daɗe rabonsa da filin Idi. Da aka sauko sai ya ce shi fa ba a mai da shi gida ba sai ya ga wucewar Sarkin Katsinan Maraɗi. Aka sama masa gefen hanya aka girka kujera. Yana ta nuna mahaya da sanda yana faɗa wa yaranmu wane ɗan wane ne, wane kuma kakansa ya fi shi iya zama a kan sirdi.

Babbar Salla kuwa tata matsalar daban ce, ita ce ma ta sa na ɗauki alƙalami. Al'adarmu a Nijar, ranar farko yanka da gashi: a feɗe rago, a ɗaure shi a kan itace, a jera kewaye da wuta har dare, rabo sai washegari. Naman da ya sha wuta haka daɗi gare shi ga mai haƙori. A aiko wa tsohuwar da ba ta da turmi ko ɗaya a baki da tsoka busasshiya, me za ta yi da ita? Na ga gidan da nama ya taru a kwano daga maƙwabta biyar, mai gidan na kallon sa, ba firji, ba mai soyawa, kwana biyu ya fara wari aka ba almajirai. Kowa ya sauke nauyi, ita kuwa da kunu ta yi Salla. Shi ya sa matanmu ke bi suna karɓar naman, su dafa wani ya yi lugub a yi farfesu, su daka wani a turmi a yi dambu, sauran a soya a adana a riƙa kai mata kaɗan-kaɗan. A kula da gishiri da magi, don hawan jini ya yi yawa a cikin tsofaffinmu, a kuma daina cika wa mai ciwon suga gaba da lemon kwalba da sunan Salla. Cikin masu taya mu akwai wata ma'aikaciyar jinya, Kirista ce, maƙwabciyarmu. Ita ke yawo da abin awon jini a jaka. Ranar Kirsimeti kuma yaranmu kan je su taya tsofaffin gidansu shara da ɗibar ruwa, ba wanda ya taɓa zama ya tsara hakan, maƙwabtaka ce ta kawo.

Duk wannan mai sauƙi ne in aka kwatanta da koya wa saurayi zama. Yaron yanzu so yake ya miƙa leda daga kan babur, inji na ruri, ya ce "Baba, ga shi in ji wane," ya wuce. Dokarmu guda ce: ba a miƙa wa tsoho abu daga tsaye. Ka cire takalmi, ka durƙusa, ka ce "Baba, barkanku da Salla, kun ga Salla lafiya?", ka zauna, waya na aljihu. In ya ba ka ruwa ka sha, in ya ɓare goro ka karɓa, ko ba ka ci. In ya fara labarin da ya ba ka bara, ka saurara kamar yau ka fara ji. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, ni kuwa na ƙara da cewa in ƙafar ta kai ka, sai ka naɗe ta ka zauna.

Cikin duk dabarun da muka gwada, wadda ta fi aiki ita ce mafi arha, kuma wata dattijuwa cikin matan adashe ce ta kawo ta. Ta ce yara ba sa shiga gidan da ba a ba da barka da Salla, sun san gidajen nan sarai, suna faɗa wa juna. Tsoho kuma ba abin da ke ƙona masa rai irin yaro ya durƙusa ya gaishe shi ya rasa abin ba shi. To sai muka riƙa kai wa kowane tsoho canji ran jajibiri, a ƙulle a ƙyalle, da ledar alawa. Jikka guda, wato sefa dubu, in aka fasa ta dala biyar-biyar (sefa 25), yara 40 ke nan. Ba ma ce masa sadaka ce, cewa muke "Kaka, ga na jikoki." Washegari labari ya bazu cewa gidan Kaka ana bayarwa. Gidan da ya saba wuni shiru sai ka tarar takalman yara sun cika ƙofarsa. Ita ce a zaune a kan tabarma tana kwance ƙulli, tana zaɓar wanda za ta ba da wanda za ta ce ya riga ya karɓa ɗazu, kada ya raina mata hankali. Ranar ita ke bayarwa, ba mai ce mata ta ɗago kai.

In yara suka taru haka, wasan jika da kaka ba ya jiran a haɗa jini. Za ka ji tsohuwa ta kama hannun ɗan shekara shida tana cewa "Kai mijin banza, yau Salla ina cefanena?", shi kuma yana cewa ya sake ta ya auri yarinya. Akwai wata Inna da aka haifa a tsohon gari can ƙasa bakin gulbi, kafin ambaliyar 1945 ta sa aka tayar da Maraɗi aka hau tudu. Yara suka ce ta yi musu tatsuniya, ta ce ba a tatsuniya da rana, amma labari ana yi. Daga bakinta suka ji yadda iyayenta suka kwashe kaya a ka suka hauro, suka ji sunan Sarki Ɗan Kasawa da yadda Katsinawa suka kafa garin bayan jihadi, suka ji yunwar 1984 da mutanenmu ke kira El-Buhari. Wani yaro ɗan lakwal ya ce mushensu, wato malaminsu, bai taɓa faɗa musu ko ɗaya ba. Ban ga laifin mushen ba, shi ma mai yiwuwa ba wanda ya kai shi gaban irin wannan Inna.

Sai batun kayan marayu, nan kuwa fagena ne. Roƙona ga duk mai niyyar ɗinka wa marayu: don Allah a bar anko. Ana sayen bandir guda don ya fi arha, a yanka wa yara hamsin iri ɗaya, wani lokaci har a buga sunan ƙungiya a baya. Ran Salla duk inda yaron ya gitta an san maraya ne, an san kuma wanda ya tufatar da shi. Na ga yarinyar da ta ƙi sa irin wannan riga, ta gwammace tsohuwar atamfarta, aka ce mata butulu. Ba butulci ba ne, kunya ce, kuma tana da gaskiya. Mu yadda muke yi, uwar ce ke kawo yaron shago kamar kowa. In zaro yadi kala uku ko huɗu in ce ya zaɓa, in gwada shi, in tambaye shi irin wuyan da yake so da ko a sa masa aljihu a gaba. In ya zo karɓa in ce ya gaida Innarsa, ta iya zaɓen tela. Yawancinsu har yau sun ɗauka uwarsu ce ta biya, haka muke so. Nakan bar ninki mai yawa a ƙafar wando da hannun riga, don yaro ba ya jiran wata Salla kafin ya ƙara tsawo. Kuma a tuna da takalmi. Sabuwar riga da silifas mai ɗaurin waya, yaron ba zai fita cikin sa'o'insa ba. 'Yan mata kuma kitso da lalle da ɗan kunne ko na dala ashirin ne, su ne Sallar.

Na san sunan da muka yi, mu teloli: saɓa alkawari da cin ƙyalle. Na farkon ba zan kare kowa ba. Na biyun kuwa ga hanyar tsarkake shi. Duk mai kawo shadda ko yadi mai yawa, in na gama yanka nakan nuna masa ragowar in ce "Alhaji, wannan zai fitar da rigar yaro, ka yafe?" Ban taɓa samun wanda ya ce a'a ba. Wasu ma sai su ƙara da kuɗin zare.

Almajirai ƙanana da ba su samu komawa ƙauye ba, nama ba ya yi musu wuya ran Salla, shi kam suna samu har su gaji. Abin da suke rasa wanka ne da sabulu, da aski da reza sabuwa kowa tasa, da maganin ƙazuwa da makero. Ta hannun malaminsu ake bi, ba a tsallake shi. Haka yaran 'yan gudun hijirar da rikicin 'yan bindiga ya koro daga Zamfara da Sakkwato tun 2019. Yawancinsu na wajen Gidan Runji, amma akwai waɗanda suka shigo gari suna zaune a kangaye. Harshenmu ɗaya, Sallarmu ɗaya, sai dai ba su san gidan kowa ba, ba wanda zai ce su shigo. In ana haɗa yaran unguwa yawon Salla a sa da su.

Yawon Sallar ma na son babba a kusa. Kowace shekara bayan Idi gidajen rediyo na cika da cigiyar yara, asibiti kuma da waɗanda babur ya kaɗe, don samari na gudu ran nan kamar an kore su. Duk rigar ƙaramin yaro da ta fita daga shagona, akwai lambar wayar gidansu a rubuce a cikin aljihu, aikin minti ɗaya ne. Kowane rukunin yara manya biyu ke bin su, 'yan mata da mace, da izinin iyaye, kuma kafin magariba kowa na gida. Zan faɗi wannan ba kwana-kwana: ba duk mai cewa yana son yara ake damƙa wa yara ba. Wanda unguwa ba ta san shi ba, ya kawo taimakonsa a karɓa a gode, amma ba ya keɓewa da ɗan kowa.

Mu da muka tashi zamanin ƙungiyar samari ta Samariya, lokacin mulkin Seyni Kunce daga 1974 zuwa 1987, mun san gayya. Sarkin samari ya yi kira, a fito da kwando da shebur a gina aji ko a share hanya. Tana da nata aibin, don gwamnati ta mai da ita bakinta, amma ta koya mana cewa wanda ba shi da ko dala yana da abin bayarwa. Yau ana zagin 'yan fada wai ba su iya komai ba sai shayi da karta da latsa waya. Wa ya taɓa neman su da wani aiki in ba lokacin zaɓe ba? Yaran da ke ƙofar shagona, ranar da aka ce ga tsohon da ke son a ɗauke shi zuwa Idi, har gardama suka yi kan wanda zai je.

Na san abin da manyan masu bayarwa za su ce: mai raba wa mutum dubu ba zai iya bi gida-gida ba, kuma in aka ba wasu su kai, rabi zai maƙale a hanya. Maganar ƙarshen nan gaskiya ce, mun sha gani. Amma maganinta a raba kayan unguwa-unguwa, a haɗa mai unguwa da liman da mace guda da fada guda, kowa na ganin hannun kowa, sannan mai kayan ya turo wakilinsa bayan kwana biyu ya shiga gida goma da ya zaɓa da kansa ya tambaya. Kuɗin rumfa da kujeru da lasifika da lemon manyan baƙi ya isa man baburan da za su kai. Ƙungiyoyin da masu ba su kuɗi daga waje ke neman shaida, su ɗauki hoton buhuna da takardar da aka dangwala wa hannu. In lallai sai da fuska, a tambayi mai fuskar, a kuma yarda in ta ce a'a ba za a hana ta rabonta ba.

Tunda Babbar Salla a shekarun nan a bakin damina take faɗowa, wanda ya shiga gidan tsoho ya ɗaga kai ya dubi rufi da indararo, ya duba gindin katanga. Yaɓen da samari huɗu za su gama kafin azahar na iya hana abin da muka gani a 2024.

Roƙona na ƙarshe ga 'yan'uwana teloli da masu sayar da yadi a babbar kasuwa ne. Kowane shago ya ɗauki ɗinkin yara biyu ko uku, ya yanka su yanzu da sauran sarari, kafin kayan masu kuɗi su rufe tebur. Masu niyyar ba da yadi su kawo kafin a ga watan Zulhajji. Wanda ya kawo ana saura kwana uku Salla, wallahi ba telan da zai karɓa, in ma ya karɓa sai bayan Salla yaron zai ga rigarsa. Canji ma a fara tarawa tun yanzu wurin masu shago da 'yan kabu-kabu, don in Salla ta matso dala biyar wuyar samu take yi.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah Ya kai mu Sallar lafiya.

Naka,
Wani tela daga unguwar Mokoyo, Maraɗi